Harshen da Matata Take Ƙirga Raka'a

Shekara talatin da ɗaya na yi ina buga lamba a bayan takardu, a wani biro, wato ofis, na gwamnati a nan Yamai. Takarda ta shigo, in ba ta lamba, in sa ta a dosiye, in kai dosiyen gurbinsa. Karatuna na boko bai wuce na ƙaramar lakwal, wato firamare, ba, amma har na aje aiki ba a taɓa neman takarda a hannuna an rasa ba. Na yarda tun ina saurayi cewa duk abin da aka ba lamba, aka jera shi bayan ɗan'uwansa, ba ya ɓacewa.

Ƙirga iri uku na koya, kuma ina tune da yadda suka zo mini bi da bi. Na farko na Hausa ne, a bakin kakata a Damagaram. Ita in ta wuce goma sha tara sai ta ce gomiya biyu, gomiya uku, mahaifina kuwa ya ce ashirin, talatin. Sai da na girma na gane nasa daga Larabawa muka aro. Sha takwas kuma a wurinta gomiya biyu ba biyu ne: ta hango inda za ta, sannan ta faɗi abin da ya rage ta isa. Na biyu na makarantar allo ne, lambobin da ke ƙasan shafin Alƙur'ani, inda biyar take zagaye kamar bakin tulu, sifiri kuma ɗigo ne kawai. Balarabe ƙarami yake fara faɗa kafin babba, ɗaya da ashirin. Na uku na Faransanci ne, kuma shi na fi shan bulala a kansa. Har sittin yana tafiya daidai, daga nan sai ya karkace. Saba'in sittin da goma ne, tamanin ashirin sau huɗu, casa'in da bakwai kuwa sai ka faɗi huɗu da ashirin da goma da bakwai kafin ka iso. Bakwai ɗinsu sai an ɗaura mata ɗamara a tsakiya, don kada a ɗauke ta ɗaya.

Kowanne na ba shi wurinsa. Hausa a gida, Larabci a kan buzu, Faransanci a biro. Ban yarda a cakuɗa su ba.

Matata Bazabarma ce, haifaffiyar Yamai, daga wata unguwa ta bakin kogi. Hausarta a Babbar Kasuwa ta koye ta, inda uwarta take sayar da kayan miya, kuma ta iya ta sosai har baƙo ba ya gane ba harshenta ba ne sai ta yi fushi. Muka zauna a Kalley, a nan muka haifi ƴaƴanmu biyar. Shekarar da babbar ƴarmu ta shiga lakwal, wata rana ta dawo tana kuka. Malaminsu ya ce ta ƙirga zuwa goma, ta fara da Faransanci, ta faɗa Hausa a tsakiya, ta ƙare da Zabarmanci, aji duka ya yi mata dariya. Ranar na kafa doka. Na ce daga yau ba a ƙirga da Zabarmanci a gidan nan, harshe biyu sun ishi kan yaro. Matata ba ta yi musu ba. Ta ce, "To, Malam," ta ci gaba da tankaɗen garinta. Fiye da shekara talatin ban sake jin ta ƙirga ko ƙwai da harshensu ba. Hira da ƴan'uwanta tana yi, wannan ban hana ba. Ni kuwa Zabarmancina bai wuce gaisuwa ba, don a Yamai mai Hausa da ɗan Faransanci ba ya rasa hanya.

Shekara biyu bayan na aje aiki, tansiyo, wato hawan jini, ta kayar da ita. Da hantsi ne, tana tsugune gaban murhu, sai na ji ƙarar murfin tukunya. Muka yi kwanaki kwance a likita, asibitin gari, aka sallame mu da ɓarin jikinta na dama a mace. Magana ta dawo mata a hankali cikin wata biyu, tana jan ta amma ana ganewa. Ta san kowa, ta san abin da aka dafa jiya da wanda ya zo gaisuwa. Lambobi ne kaɗai ba su dawo ba. In ka tambaye ta ƴaƴanta nawa, sai ta jero maka su da sunayensu daga babba zuwa auta, amma ba za ta ce biyar ba. Lambar salular ƴarmu, wadda da take karantowa da Faransanci bibbiyu kamar kowa a garin nan ko da bai taɓa shiga lakwal ba, ta tafi gaba ɗaya. Lokotoron da ya duba ta ya ce haka cutar take yi wani lokaci, ta ɗauke abu ɗaya ta bar sauran. Ya ce a yi haƙuri, a riƙa motsa mata hannu da ƙafa, a kuma bar ta ta huta.

Ita ba hannun ne ya dame ta ba. Salla ce. A zaune take yin ta yanzu, a kan kujera, kuma mai salla a zaune ba shi da miƙewa da durƙusawar da za su tuna wa jikinsa inda yake. Asuba raka'a biyu ce, tana samunta. Amma azahar da la'asar, huɗu huɗu kuma a asirce, sun zame mata daji. Sai ta ɗago daga sujada ta rasa ko ta biyu ce ko ta uku. Wata rana na zauna ina kallonta ta yi bakwai ba ta sallame ba. Wata rana ta sallame a ta uku, ta dube ni, ta ga amsar a fuskata. Ba ta yi kuka da sauti ba, hawaye ne kawai. Mace ce da tun tana budurwa ba ta taɓa barin lokacin salla ya wuce ta ba.

Na je na tambayi limamin masallacinmu. Ya ce tana da uzuri, wanda kokwanto ya zame masa ciwo ba a ɗora masa abin da ba ya iyawa, ta yi abin da ya rinjaya a ranta ta ƙara da sujadar ba'adi. Na kawo mata wannan amsa kamar yadda aka ba ni. Ta saurara, ta ce ta gode wa liman. Sannan ta ce ita babu abin da yake rinjaya a ranta, wurin a wofi yake. Na daina zuwa jam'i na azahar da la'asar, na riƙa jan ta salla a ɗaki. Wannan ya kwantar da ita na ƴan makonni. Sai wata rana bayan mun sallame ta ce, "Malam, ranar da ba ka nan fa? Ko ranar da ka riga ni? Ina so in tsaya gaban Ubangijina in san nawa na kawo masa."

Daga ranar na ɗauki abin a matsayin aiki, kuma na tsara shi yadda na san ana tsara aiki. Na sayi kaye sabo na rubutu da ƙaramin allo da alli. Bayan karin kumallo, ɗaga hannu sau goma, ni ke ƙirgawa. Bayan haka darasi na rabin awa: in rubuta lamba a allo, in faɗe ta da Hausa, ta maimaita. Na ce ba za mu taɓa biyu ba sai ɗaya ta zauna, ba za mu taɓa uku ba sai biyu ta zauna. Kowace rana ina rubuta inda muka kai a kaye. Baƙi kuma na yanka musu lokaci, tun da lokotoro ya ce hutu: bayan la'asar, gaisuwa a tsaye, ba dogon zama. Danginta na bakin kogi su ne suka fi jin zafin wannan, don su in sun zo yini suke yi, da surutu da dariya. Na gaya musu surutu yana ruɗa ta. Na ƙara da cewa wanda zai yi mata magana ya yi da Hausa, don kada a tara mata harsuna a kai tana cikin koyo. Suka riƙa zuwa suna gaishe ta da Hausarsu ta kasuwa, su aje abin da suka kawo su tafi.

Wata huɗu muka yi a haka. In na faɗa ta maimaita daidai, in na yi shiru ta tsaya. Yau ta kai uku, gobe ta ce ɗaya, biyu, shida. Da na ga Hausa ta ƙi sai na gwada Faransanci, na ce wataƙila lambobin salula za su farka. Ba su farka ba. Na gwada na Larabci, na zana mata biyar mai zagaye, ta ce wannan ai ƙwai ne. Na kawo ƙwallon dabino huɗu na jera mata a hannun kujera, in ta gama raka'a ta ture ɗaya. Sai ta manta ko ta ture ko ba ta ture ba. Na fara ɗaga mata murya. Ba na jin daɗin rubuta wannan, amma ya faru, kuma a kayen akwai ranar da na rubuta da hannuna cewa ba ta mai da hankali. Ita kuma ta fara jin tsoron allon. In ta ga na ɗauko shi sai ta ce kanta yana ciwo.

Tana da ƙanwa guda, mai sayar da kifi, mace mai ƙiba da baki, wadda tun aurenmu take kirana angonta don tsokana, kamar yadda ƙannen mata suke yi. Ita kaɗai ce ba ta jin tsoron dokokina. Wata safiya magani ya ƙare, kuma ƴarmu da take zuwa taya mu ba ta iso ba. Ina tsaye ina tunanin yadda zan bar mara lafiya ita kaɗai sai ga ƙanwar ta shigo da kwanon kifi, a lokacin da ba na baƙi ba. Na nuna mata agogo. Ta ce agogona ya ci kansa, ita kifinta ba ya jiran la'asar. Ba ni da zaɓi. Na ce ta zauna da yayarta har in dawo daga farmasi, na nuna mata yadda ake riƙe gwiwar hannu a ɗaga, sau goma, kada ta rage kada ta ƙara. Ta ce, "Tafi, angona, kai da goma ɗinka. Ko a lahira sai ka tambayi mala'iku lambar dosiye."

Farmasin unguwa ba su da maganin, sai da na taka har unguwar Maourey. Da na dawo, tun daga zaure na ji muryar ƙanwar, ba ta iya magana a hankali. Da Zabarmanci take ƙirgawa. Afo, ihinka, ihinza. Raina ya ɓaci, na ɗaga labule zan yi magana. Sai na ji wata murya a ƙarƙashin tata, siririya, tana ja, kuma tana riga ta isa. Itaaci. Igu. Iddu. Matata ce. Idonta a rufe, hannunta yana sama a hannun ƙanwarta, lambobin suna fitowa ɗaya bayan ɗaya ba tuntuɓe. Da suka kai wani wuri ƙanwar ta aje hannun ta ce ya isa haka, ta gaji. Matata ta buɗe ido ta faɗa mata wata magana da faɗa-faɗa. Ƙanwar ta yi dariya, ta juyo ta gan ni, ta ce, "Ka ji matarka. Wai takwas muka yi, saura biyu, wai za ka yi faɗa."

Na tsaya da ledar magani a hannu. Wata huɗu ina neman uku.

Bayan ƙanwar ta fita tsakar gida wanke kifi, na jawo kujera na zauna gaban matata. Na tambaye ta tun yaushe take iya wannan. Ta ce ita ma ba ta sani ba, yanzu ta ji an ce afo sai sauran suka biyo da kansu. Na ce me ya sa duk watannin nan ba ta gwada ba. Ta ce in ta miƙa hannu cikin kanta tana nema, lambobina na allo take tararwa a sama, su kuma ba sa riƙuwa. Sannan ta ce, "Malam, ni ban taɓa ƙirga raka'a da Hausa ba. Ko sau ɗaya." Uwarta ce ta koya mata salla tana ƙarama, kuma da harshensu ta koya mata riƙe adadin. Tiyar hatsi da Hausa take ƙirgawa, don a kasuwa ta koya. Salula da Faransanci. Amma tsakaninta da Allah da Zabarmanci ne, a zuci, duk tsawon shekarun da na hana a ji shi a gidana. Ba ta faɗa da zargi ba. Ta faɗa ne kamar mai gaya maka inda ta aje makulli.

Abin da na yi bayan wannan shi ne abin da na iya. Na ɗauko kaye na zaunar da ƙanwar, na ce ta faɗa mini lambobinsu daga farko in rubuta. Ta ce shekara arba'in ina shan ruwan kogin Zabarmawa, sai yau na tuna suna da baki. Na ƙyale ta. Afo, ihinka, ihinza, itaaci, igu, iddu, iyye, ahakku, yagga, iway. Sha ɗaya iway cindi fo, goma da ragowar ɗaya. Ashirin waranka, talatin waranza, arba'in waytaaci, hamsin waygu. Ina rubutawa ina ganin goma a gaban kowace, da biyu ko uku ko huɗu a bayanta, har zuwa casa'in ba karkacewa ko ɗaya. Ba su aro na kowa ba, kuma ba su sa ka haɗa ashirin huɗu kafin ka ce tamanin. Gomiyar kakata ce sak a wani baki. A cikin ƙirga huɗu da na sani yanzu, wanda na kora daga gidana shi ya fi su bin layi.

Sai na sake yin kuskure, kuma shi ne na ƙarshe. Washegari bayan karin kumallo na ɗauko allo, na rubuta ɗaya, na ce afo, maimaita. Ta maimaita. Na rubuta biyu. Kafin mu kai huɗu ta fara tuntuɓe, ta ce ihinza sau biyu, fuskarta ta koma irin ta watannin baya. Da azahar na ce ta gwada ita kaɗai, na zauna kusa da ita ina kallo. Ta ɓace a ta uku. Da ta sallame ba ta yi hawaye ba. Ta dube ni ta ce, da muryar da ban taɓa ji daga gare ta ba, in ɗauke allon nan daga ɗakinta. Ta ce bakina yana ɓata mata su, idona kuma yana kore su. Ta ce in bar ƙanwarta da sauran su riƙa zuwa su yini, ni kuma in koma masallaci.

Ban saba a ba ni umarni a gidana ba. Na fita na zauna a zaure har la'asar ta kusa. Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne na gane babu sauran aikin da zan yi mata sai in matsa. Na kai allon ɗakina na kife shi a bayan akwati. Na aika aka gaya wa danginta ƙofa a buɗe take.

Suka dawo da yininsu da surutunsu. Gidan ya cika da harshen da ba na ji. Suna tsinke zogale suna ƙirga ɗauri, suna jayayya a kan shekarun wata jika, suna tambayarta ita ta raba musu gardama. Ni ina zuwa masallaci in dawo. In na tambaye ta yaya sallar, wani lokaci ta ce alhamdu lillahi, wani lokaci ta kau da kai. Ban rubuta komai a kaye ba, ko da yake hannuna yana ƙaiƙayi.

Bayan kamar mako uku, wata Laraba, ƙafata ta kumbura ban iya fita la'asar ba. Na yi tawa a ɗakina. Da na fito sai na tarar ƴarmu ta gama yi mata alwala ta juya kujerarta gabas, ta koma madafa. Ƙofar ɗakin a buɗe take kaɗan. Na san abin da ta ce game da idona, don haka ban shiga ba. Na zauna a kan turmi a gefen ƙofa, inda nake hango kafaɗarta ta hagu kawai. Ta yi kabbara. Na naɗe yatsa ɗaya da ta ɗago daga sujadar ƙarshe ta raka'ar farko. Ta yi ta biyu, ta zauna tahiya, na ga yatsanta yana motsi a kan gwiwa. Ta shiga ta uku. A nan take ɓacewa kullum. Da ta ɗago sai ta tsaya, ta daɗe. Na kama bakina da hannu. Sai ta yi kabbara ta ci gaba da karatu, ta sunkuya, ta yi sujada biyu, ta zauna tahiya, ta sallame. Ba ta ƙara ba'adi ba. Ta ɗauki carbinta da hannun hagu.

Ban motsa ba. Ta ja carbin har ƙarshe, ta shafa addu'a. Sannan, ba tare da ta juyo ba, ta ce, "Malam, turmin nan zai ƙara maka ciwon ƙafa. Nawa ka samu?"

Na dubi yatsuna huɗu a naɗe. Na ce, "Itaaci."

Ta ce ba haka ake jan kalmar ba, amma adadin daidai ne. Ta ce in shigo in gyara mata matashin bayanta, ya zame.